Cajin motar lantarki a gida: abin da za a duba kafin a jona waya

A watan da ya gabata na je gaida wani ɗan uwana a Yamai, na tarar da ƴar ƙaramar motar lantarki ƙirar China a tsakar gidansa. Wayar cajinta ta bi ta tagar ɗakin yara, ta shiga ralonj, ita kuma ralonj ɗin tana jone a priz ɗin da firigo yake. Da na taɓa priz ɗin sai na janye hannu, don zafi. Bakin robar har ya fara sauya launi. Na ce masa: "Yaya, wannan fa wuta ce kake kiwo a ɗakin ƴaƴanka." Ya ce ai wata biyu ke nan yana haka, ba abin da ya faru.

Motocin nan ba su da yawa tukuna a titunanmu, amma suna shigowa, su da babura da adaidaita sahu masu batir. Wanda ya sha layi a gidan mai lokacin ƙarancin esansi na watan Maris na 2025 ba zai yi mamakin masu sha'awarsu ba. Sai dai dillali mota yake sayar maka, ba ya zuwa ya duba wayoyin da ke cikin bangon gidanka.

Nauyin da mota ke ɗora wa gida

Wutar da NIGELEC ke kawowa gidajenmu volt 220 ce. Idan aka yi caji a priz na gida, ƙaramar wayar da ke zuwa tare da mota takan ja amper 8 zuwa 10, wato kusan kilowat 2. Wani zai ce ai dutsen guga ma kusan haka yake ci. Gaskiya ne, amma guga ta minti ashirin ce, kuma dutsen yana yanke kansa yana komawa. Mota mai batir na kilowat-awa 40 za ta yi kusan awa 20 tana jan wannan wuta ba hutu kafin ta cika daga ƙasa. Priz na gida an rubuta masa amper 16, amma ba a ƙera shi don ya kwana yana ɗauke da kaya ba. Duk inda sukuru ya ɗan saki, ko ƙarfen ya yi tsatsa, nan zafi ke taruwa. Roba ta yi laushi, haɗin ya ƙara sakewa, zafin ya ƙaru, har ranar da za ta kama.

Shi ya sa masu hali ke kafa akwatin caji na bango, wanda Faransawa ke kira borne. Wanda aka fi sani yana jan amper 32, kilowat 7 da ɗoriya, ya cika wancan batir cikin awa shida. Kilowat 7 kuwa kamar ka kunna klim shida ne lokaci guda. Gidaje da yawa abonma ɗinsu kilowat 3 ne ko 6. Kowa ya ɗauko faktir ɗinsa ya duba. Idan ƙarfin bai kai ba, babban disjonktar zai riƙa faɗuwa, kuma maganinsa shi ne a je ofishin NIGELEC a nemi ƙarin ƙarfi, ko a rage amper ɗin akwatin, tunda yawancinsu ana iya saita su a 16 ko ƙasa da haka. Abin da ba a yi shi ne a kira wani yaro ya ɗaure disjonktar ko ya tsallake kontar. Ban da laifin da ke ciki, an cire mai gadi ke nan an bar gida a buɗe.

Layinta ita kaɗai

Masu aikin wuta da suka yi karatu a ƙasar nan yawancinsu ƙa'idar Faransa suka koya, NF C 15-100. Abin da ta tanada kan cajin mota a fili yake: layi na musamman daga allon rarraba wuta har zuwa wurin caji, ba firigo, ba fanka, ba komai a kansa. Ga amper 16, wayar tagulla mai kauri milimita murabba'i 2,5 da disjonktar na amper 20. Ga amper 32, waya mai 10 da disjonktar na 40.

To amma waɗannan alƙaluma an tsara su ne bisa zafin iska na digiri 30. Mu kuwa a Tawa ko Damagaram, a watan Afrilu da Mayu, digiri 45 a inuwa ba labari ba ne, balle ƙarƙashin rufin kwano inda ake yawan bi da wayoyi. A digiri 45, waya mai rigar roba ta PVC tana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da za ta iya ɗauka. Don haka idan tazara tana da nisa, ko wayar za ta bi wuri mai zafi, a hau mataki ɗaya sama a kauri. Kuɗin da za a ƙara bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Sannan a kula da abin da ake saya. Kasuwanninmu cike suke da wayar da idan ka kankare ta da wuƙa sai ka ga fari a ciki: alminiyom ne aka shafa wa tagulla. Akwai kuma wadda aka rubuta 2,5 a jikinta alhali ba ta kai ba. A hannu ma za ka ji ba ta da nauyi. Irin wannan ko ga fitila ban yarda da ita ba.

Abin da ke kare waya daban, abin da ke kare mutum daban

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Disjonktar na amper 20 ko 40 wayar yake karewa kada ta ƙone. Jikin ɗan Adam kuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amper ɗaya ba ya isa ya hargitsa bugun zuciya. Yaro zai iya dafa motar da wuta ke yoyo a jikinta, ƙafarsa a jiƙe, ya mutu, wancan disjonktar bai ko motsa ba.

Mai kare rai shi ne wanda ake kira diferansiyel, na miliamper 30. Aikinsa awo ne: yana gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ya ga gibi ya san ta bi wata hanya, sai ya yanke cikin ƙiftawar ido. Amma ba kowane iri ne ya dace da mota ba. Wanda ya fi yawa a shaguna, mai alamar AC, an yi shi don wutar gida mai kai da komo. Cajar mota tana juya wannan wuta zuwa miƙaƙƙiya irin ta batir, kuma idan miƙaƙƙiyar ta yi yoyo tana iya makantar da shi, ya kasa faɗuwa a ranar da ake buƙatarsa. Abin da ake nema shi ne mai alamar B, ko mai alamar A idan akwatin cajin yana da nasa ma'aunin da ke yankewa a miliamper 6 na miƙaƙƙiyar wuta. Takardar akwatin za ta faɗa. Yana da wani maɓalli mai harafin T a jikinsa, a riƙa danna shi lokaci zuwa lokaci. In bai faɗi ba, ya mutu.

Diferansiyel kuma bai cika aikinsa sai da wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar tagulla a kafe cikin ƙasa. Gidaje nawa ne a unguwanninmu ke da ita? A da yawa za ka buɗe priz ka ga ƙafa ta uku ba a haɗa ta da komai ba. Inda aka kafa sandar ma, yashinmu busasshe ne, ba ya karɓar wuta da kyau. Ƙa'idar ta ce kada turjiyar ƙasa ta wuce om 100, kuma wasu motocin da kansu suke ƙin caji idan ba su gamsu da ita ba. Ba a gane wannan da ido, da na'ura ake aunawa, kuma a auna da rani, don awon da aka yi a watan Agusta ƙasa na jiƙe yaudara ne. Dabarar nan ta zuba gawayi da gishiri a ramin tana rage turjiya na ɗan lokaci, amma gishirin yana cin ƙarfen, ruwan sama kuma yana wanke shi. Gara a zurfafa, ko a kafa sanda biyu ko uku da tazara a haɗe su.

Wutarmu da halinta

Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna dogaro da layin da ke fitowa daga Katsina zuwa Gazawa, Yamai kuma da na Birnin Kabi, ga tashar Gorou Banda. Kowa ya tuna abin da aka sha bayan Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023. Ɗaukewa ba ta yi wa mota komai, dawowar ce abin tsoro, ita da tsawar damina. A sa parafudur a allon wuta, a ƙara da na'urar da ke yankewa idan volt ya yi sama ko ƙasa fiye da kima, ta kuma jinkirta kafin ta mayar. Ƙaramin gurup na gida kuwa a bar shi ga fitila da fanka.

Wurin kafawa ya zama mai inuwa da iska, kusan mita ɗaya daga ƙasa, inda ruwan damina ba ya kwanciya kuma mota ba za ta buge shi ba. A nemi akwati mai alamar IP54 ko sama, saboda ƙura da feshin ruwa. Bakin caji ma iri-iri ne: Turai na da Type 2, Amurka da Japan Type 1, China GB/T. Kada a yarda da mahaɗin da aka ƙera a bakin kasuwa. Motar da aka sayo daga Amurka kuwa, a karanta jikin ƙaramar wayarta, wasu na volt 120 ne kawai.

A Faransa, tun 2017, duk akwatin da ya wuce kilowat 3,7 sai mai takardar ƙwarewa ta musamman ke kafa shi. A nan, mai gida ne zai yi wa kansa tankaɗe. Tambaya ɗaya ta isa: "Malam, da me za ka auna ƙasa?" In ya ce ba sai an auna ba, a sallame shi.

Masu babura da adaidaita su ma abin ya shafe su, ko da yake cajarsu ba ta cin wuta kamar ta mota. Kada a yi caji a ɗakin kwana ko a zaure, hanyar da za a bi a fita. Kada a jona batir yana dawowa daga rana da zafinsa, kuma kada a ara cajar wani don bakinta ya shiga. Batirin lithium da ya kumbura, ko yake wari, ko yake ƙara, a fitar da shi fili. Idan ya kama, hayaƙinsa guba ne, kuma yakan sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. A yanke wuta daga allo, a fitar da mutane, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Ɗan uwan nawa dai ya cire ralonj ɗin a daren. Da mai gyara ya zo ya buɗe priz ɗin, ya tarar rigar wayar ta narke tsawon ɗan yatsa a cikin bango.