Dundumi da Hoton Bayan Ido

A Gwandu da Kalgo, kamar sauran ƙasar Hausa, in mutum ya kasa gani da zarar magariba ta yi, sai a ce dundumi ya kama shi. Maganin kuwa sananne ne tun kaka da kakanni, watau cin hanta. Wannan ba camfi ba ne, gama rashin bitamin A ke kawo yawancin dundumi, hanta kuwa cike ta ke da shi. Amma fa kalmar alamar ciwo ta ke kira, ba asalinsa ba, a nan haɗarin ya ke.

Can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, likitoci na ce da shi retina. Cikin 1976 wani likita a Amurka, Sawyer, da abokan aikinsa suka ba da labarin majinyata waɗanda tantanin nan nasu ya lalace har suka makance, alhali sankarar da ke damunsu ba ta kusanci ido ba. Daga baya aka gane dalili. Jiki ya kan ƙera makamai domin yaƙar sankara, sai makaman su kuskure su auka wa tantanin, don akwai wani furotin, recoverin, da ake samu cikin su biyun. An fi ganin haka ga sankarar huhu. Gani ya kan dushe cikin makonni ko watanni, ido biyu, ba zafi, sau da yawa tun ba a san da sankarar ba.

Da fari ko likita ya leƙa idon da fitilarsa, ya kan tarar da shi garau. To, cikin 1991 aka fito da na'urar OCT a jami'ar MIT. Haske ta ke aikawa ciki, ta auna dawowarsa, sa'an nan ta zana tantanin hawa-hawa, kamar yadda mai haƙar rijiya ke ganin jerin ƙasa. Nan a ke ganin hawan ƙwayoyin gani ya sirance. Hoton ba ya ambaton sankara, sai dai ya sa likita ya gwada jini, ya duba ƙirji.

Ciwon ba shi da yawa, gaskiya. Duk da haka dattijon da dundumi ya faɗa wa farat ɗaya, ya ci hanta bai ga sauƙi ba, balle in mashayin taba ne, ya kamata ya isa asibiti a Birnin Kebbi, in ta kama a tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano.