Ganin Likitan Jijiyoyi Daga Nesa: Bayani Ga Jama'ar Malam Madori Da Kewaye

Kamar yadda aka sani, likitocin da suka ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba su da yawa a ƙasar nan, kuma akasarinsu suna manyan asibitocin koyarwa ne, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba su ne likitocin taɓin hankali ba, ko da yake jama'a kan haɗa su. Saboda haka mai farfaɗiya daga Malam Madori, idan Babban Asibitin Haɗejia ya tura shi gaba, sai ya yi sammako, ya biya kuɗin motarsa da na ɗan rakiya, ya tarar da layi, wani lokaci kuma a sa masa wata ranar. A damina irin ta 2022, da ambaliya ta yanke hanyoyi a yankin Haɗejia, tafiyar ma kan gagara.

Cikin masu cika wannan layi akwai tsofaffin majinyata waɗanda an riga an gano ciwonsu, abin da ya kawo su kawai shi ne a ji yadda magani ke karɓarsu. Tun lokacin annobar korona a 2020 asibitoci a ƙasashe da dama suka koma ganin irin waɗannan ta bidiyon waya ko kwamfuta, domin sababbi su sami shiga da wuri. Majinyaci zai je asibiti mafi kusa, ma'aikacin lafiya ya gwada hawan jininsa, ya haɗa shi da likita, shi kuma ya yi tambayoyi, ya ƙara ko ya rage magani.

Masu farfaɗiya na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan hanya, domin jinyarsu ta shekaru ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa har kashi 70 cikin 100 na masu wannan ciwo za su iya daina faɗuwa idan suka sami magani daidai. Haka zalika, idan wani ya ɗauki bidiyon faɗuwar da waya, yayin da wani ke kwantar da shi ta gefe ba tare da an cusa masa cokali a baki ba, hakan kan fi wa likita dogon labari amfani.

Sai dai ganin farko ya fi dacewa ido da ido, domin sai likita ya gwada ƙarfin gaɓoɓi, ya duba cikin ido, wataƙila ya nemi hoton ƙwaƙwalwa. Wanda kuwa bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko ɓarin jikinsa ya saki, ko magana ta gagare shi, to a garzaya da shi asibiti nan take, domin maganin narkar da gudan jini yana da wa'adin awa huɗu da rabi. Haka nan faɗuwar da ta wuce minti 5, da zazzaɓi mai haɗe da sanƙarewar wuya.

Ga jami'an ƙaramar hukuma, duk inda za a kafa wannan tsari ana bukatar ɗaki mai sirri, da wutar sola, da intanet mai ƙarfi, da ma'aikaci mai riƙe rajistar ranakun majinyata. Abin da aka fi mantawa shi ne maganin kansa: idan likita ya rubuta daga Kano amma babu shi a Malam Madori ko Haɗejia, majinyacin zai sake hawa mota.