Rancen Karatu Ba Ganima Ba Ne: Jan Kunne Ga Masu Neman Diflomar Lantarki

Tun da asusun NELFUND ya fara karɓar masu neman rancen karatu a watan Mayun 2024, wata magana ta shiga bakin mutanenmu wadda na gaji da jin ta. A majalisa, a Facebook, har a cikin gida, sai ka ji babba yana zuga ƙanensa: "Kai dai ka cike, kuɗin gwamnati ne, wa ka taɓa ji ya biya?" Idan yaron diflomar lantarki yake yi a foli, sai a ƙara masa da cewa ai da ya karɓi kwalinsa kamfanin wuta na KEDCO zai ɗauke shi, bashi ya biya kansa. Duka maganganun biyu ba su da tushe, amma ta farkon ta fi muni, domin ita ce ke koya wa yaro ɗan shekara 19 cewa cin bashi da niyyar ƙin biya wayo ne.

Abin da ake magana a kai ba ɓoyayye ba ne. Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar rancen ɗalibai a watan Afrilun 2024. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar gwamnati da ɗalibi yake, wanda ya nemi alawus kuma a riƙa tura masa Naira 20,000 a wata. Babu ruwa a kai. Biya yana farawa shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ita kuwa diflomar lantarki shekara 2 ce, sai shekara guda ta koyon aiki, sannan wata shekara 2 ga mai son babbar difloma.

To, daga ina wannan tunani na "ba a biya" ya samo asali? Kowa ya sani. An ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a shekarar 2015, mutane da yawa suka karɓi taki da iri da kuɗi, suka ce rabonsu ne daga arzikin ƙasa. Lokacin korona aka zo da rancen bankin NIRSAL, wasu suka yi aure da shi, wasu suka sayi babur, ana ta dariya. Amma masu ba da wannan labari ba sa ƙarasa shi. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin GSI, wanda ya ba mai bin ka bashi damar cire kuɗinsa daga kowane asusu da ke haɗe da lambar BVN ɗinka, ko a wane banki yake. Mutane nawa ne suka wayi gari suka ga an kwashe ɗan abin da suka ajiye saboda rancen korona da suka manta da shi? Shi rancen karatu ba a ma ba ka sai ka miƙa BVN da NIN da lambar JAMB. Zamanin da za ka ci bashi da sunan ƙungiya ka ɓace ya wuce. Sunanka ne, yatsanka ne, kuma kana matashi, kana da shekaru 30 ko 40 na hulɗa da banki a gabanka.

Wani zai ce, to idan gwamnati ta canja fa, ai za a yafe. Wa ya yi maka wannan alkawari? Doka ce majalisa ta yi, ba kyautar ɗan siyasa ba ce a filin kamfe. Yafiyar da dokar ta sani ita ce ta wanda ya rasu ko wata larura ta hana shi neman abinci. Wanda bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa, amma sai ya yi rantsuwa a rubuce, kuma wanda aka kama da ƙarya a nan laifi ya aikata da ke kai mutum gidan yari. Ɗaga ƙafa kuwa ba yafiya ba ce.

Ni abin da ya fi ba ni haushi ma ba batun doka ba ne. Mu ne fa muke tashi da karatun cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Mu ne malamai ke gaya mana cewa an taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah (SAW), bai sallace ta ba sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin bashin mamacin. Yaushe aka samu fatawar cewa idan dukiyar jama'a ce babu komai? Ai ita ta fi nauyi, domin masu haƙƙin ba su ƙirguwa. Kuɗin da ka ƙi mayarwa shi ne na ɗan wani talaka da zai zo nema bayanka. Uban da ya ce wa ɗansa "karɓi, ba za a biya ba", ya sani cewa darasin farko da ya ba shi a rayuwar aiki shi ne cin amana, kuma yaron nan gobe gidajen mutane zai riƙa shiga yana yi musu wayarin.

Yanzu a zo ga lissafi, wanda kusan babu mai yi. Mu ƙaddara kuɗin makaranta Naira 100,000 ne a shekara, don kowace foli da nata. Wanda ya karɓi alawus wata 24 ya ci Naira 480,000, a haɗa da kuɗin makaranta na shekara 2 ya zama 680,000. Idan ya samu aiki a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, za a riƙa cire masa 7,000 a wata, ya kwashe fiye da shekara 8 yana biya. Wanda ya zarce har babbar difloma a haka ya tara 1,360,000, ko da albashinsa ya kai 100,000 sai ya haura shekara 11. Amma wanda ya tsaya a kuɗin makaranta kaɗai, ya bar alawus, kafin shekara 2 da rabi ya sauke 200,000 ɗinsa. Ka ga ashe ba karatun ne ke tara bashin ba, alawus ne, wanda rabinsa a data da shayi yake ƙarewa.

Gaskiya ɗaya dai, rancen nan yana da sauƙi. A Amurka, inda bashin ɗalibai ya haura Dala tiriliyan 1.6, da ruwa ake biya. Namu babu, kuma da irin hauhawar farashin da ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, Nairar da za ka mayar ba ta kai wadda ka karɓa daraja ba. Ba na hana mabuƙaci karɓa. Tsadar rayuwa da ƙarin kuɗin makarantu ne suka tura mutane da yawa, wannan ba a musu.

Sai batun samu. Kamfanonin rarraba wuta 11 ne aka sayar a ƙasar nan a 2013. KEDCO ita kaɗai ke riƙe da Kano da Katsina da Jigawa, ta Kaduna kuma ta haɗa har Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Ƙirga folin da ke waɗannan jihohi, daga Kazaure zuwa Ƙauran Namoda da Birnin Kebbi, kowace tana yaye ɗaliban lantarki duk shekara. Ina za a zuba su? Masaƙun Kakuri sun mutu, masana'antun Sharaɗa da Bompai da yawa a rufe suke. Kuma mai difloma ya daina yaudarar kansa da kiran "injiniya" da ake yi masa a unguwa, hukumar rajistar injiniyoyi ta COREN ba a wannan aji take yi masa rajista ba. Inda kuɗi yake a yau shi ne aikin hannu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar rukunin A Naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, masu shago da asibitoci da masu rijiyar burtsatse da manoman rani suka koma sola. Wanda ya iya auna nauyin kayan gida, ya zaɓi inbata da batirin da suka dace, ya haɗa ba tare da gobara ba, ba ya kwana da yunwa. Sai dai mai gidan ba kwali zai tambaye ka ba, aikin da ka yi a baya zai ce ka nuna masa.

Saboda haka, ƙanena, kafin ka danna komai ka tabbatar hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna ta amince da kwas ɗin a wannan makarantar, don akwai masu gama babbar difloma su tarar ba za a tura su bautar ƙasa ba. Ka shiga ɗakin gwaje-gwajen sashen ka gani da idonka, akwai kayan aiki ko allo ne kawai da alli? Ka nemi mutum biyu ko uku da suka gama shekarun baya, ka tambaye su abin da suke samu a wata, ba abin da suke fata ba. Ka karanta yarjejeniyar da kanka, kada ka bar mai shagon kwamfuta ya cike maka ya danna "na yarda" kana hira, musamman idan a ƙaramar difloma za ka tsaya, tunda mai ita ba ya zuwa bautar ƙasa. Idan a garinku kake karatu, kana cin tuwon gida, me za ka yi da alawus? In kuwa dole ce ta sa ka karɓa, ka ware wani abu ka sayi mitar gwaji da filaya da sukundireba masu kyau. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta duk abin da ya shigo da ranarsa.

Shekarar koyon aiki kuma kada ka sayar da ita. Wasu takarda kawai suke kaiwa wani ofis a buga musu hatimi, su koma gida su kwanta. Ka je wurin mai wayarin ko mai haɗa sola ko mai naɗin koyil, ka ɗauki tsani, ka ci faɗa, ka koya. Daga baya ka nemi shaidar hukumar NEMSA ta masu aikin wayarin, ita ke buɗe ƙofar manyan kwangiloli.

Iyaye da yayye, don Allah ku zauna da yaran nan ku yi lissafin tare kafin su sa hannu. Duk wanda ya ce musu ba za a biya ba, ku tambaye shi ko zai rubuta cewa shi zai biya.