Marisa: Giyar Tsakar Gida a Omdurman

Wanda ya shiga unguwannin Omdurman a watan Sha'aban, kafin yaƙin Afrilun 2023 ya watsa gidaje, hancinsa ne zai fara ba shi labari. Ƙamshi ne gauraye da ƙauri, na ƙullin dawa da ake toyawa a kan faffaɗan kaskon ƙarfe. Mata ne ke tanadin hilu-mur, abin shan buɗa-bakin Sudan, wanda sunansa ke nufin zaƙi da ɗaci. Sukan jiƙa dawa ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su zuba citta da kirfa da tsamiya, su bar ƙullin ya yi tsami, sannan su toya shi falle-falle. Da azumi sai a jiƙa, a tace, a sa sukari. Ba ya bugarwa.

Tsiron nan dai shi ne a wasu gidajen yake zama marisa, 'yar'uwar burkutun da muka sani. Idan ana maganar ƙaramin kamfanin giya a Khartoum, to ga shi nan: tsakar gida, murhu, randuna biyu ko uku, ƙyallen tata, da mace guda wadda ita ce mai jari, ita ce ma'aikaciya.

Aikin ba na raggo ba ne. Farfesa Hamid Dirar ya bi shi daki-daki a littafinsa na 1993 kan abincin Sudan da ake tsimawa. Ana kwaɓa wani kaso na garin dawa a bar shi ya yi tsami sosai, sai a soya shi a kasko ana juyawa har ya yi duhu. Idan ya huce a zuba masa tsiro da ruwa da ɗan ragowar tsohuwar marisa, ya shiga tafasa ba wuta. Sauran garin a tuƙa shi, a gauraya da tsiro, a haɗe da na farko. Tsiro ne ke mayar da gari zaƙi, zaƙin kuma ya rikiɗe barasa. Bayan wasu awowi a tace, dusar a ba dabbobi. Abin da ya fita yana da kauri kamar kunu, kuma ba ya ajiyuwa. In ya kwana ya wuce, tsami ya lalata shi. Shi ya sa marisa ba ta taɓa zama hajar kwalba ba. Inda aka dafa ta nan ake shanta, a gidan da suke kira indaya.

Sana'ar ta tsufa ƙwarai. Masanin Amurka George Armelagos ya gano alamun maganin tetracycline a ƙasusuwan mutanen Nubiya da suka rayu tsakanin shekarar 350 da 550 Miladiyya, aka kuma danganta hakan da giyar hatsin da suke sha.

An taɓa yin giyar kwalba ma. Kamfanin Blue Nile Brewery da ke Khartoum Bahri ya yi shekaru yana fitar da mai tambarin raƙumi, Camel. A Satumban 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya ƙaddamar da dokokin shari'a, aka tuttular da barasa a kogin Nilu a bainar jama'a, aka rufe mashaya. Dokar laifuka ta 1991, zamanin Umar al-Bashir, ta tanadi bulala 40 ga Musulmin da ya sha, da ɗauri ko tara ga mai sayarwa.

Haramcin giya a Musulunci ba abin ja ba ne, ni ma ban zo ja ba. Abin dubawa shi ne kan wa sandar ta fi sauka. Kamfani rana ɗaya ake rufe shi da kwaɗo. Randa kuwa ko'ina akwai ta. A daidai shekarun nan yaƙin Kudancin Sudan da fari suka koro ɗimbin jama'a zuwa gefen Khartoum da Omdurman, sansanoni irin su Mayo da Jabal Auliya da Wad al-Bashir. Da yawansu mata ne da suka rasa mazajensu, daga Kudu da duwatsun Nuba, wasunsu ba Musulmi ba, kuma a garuruwansu marisa kusan abinci ce, da ita ake sallamar 'yan gayya a gona. Mace ba gona, ba takardar makaranta, ga bakuna biyar: ko ta kasa shayi a bakin titi, ko ta ɗora tukunya. Sai samame, wanda suke kira kasha. A fasa randuna, a kwashe tukwane, a yanke tarar da ba ta da ita, ta zarce kurkukun mata na Omdurman, sau da yawa da goyo a bayanta. Mashayin, wanda ba mamaki daga unguwar masu hali ya fito, ya riga ya koma gida.

Matsin ya kuma sauya hajar kanta. Marisa tana cin wuri, warinta na tona asiri, ga saurin lalacewa. Araƙi kuwa, wanda ake turarowa daga dabino, fari ne kamar ruwa, yana shiga ƙaramar gora, yana daɗewa, ya kuma fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai tsoron kasha ta san wanda ya fi sauƙin ɓoyewa. Tunda babu mai duba abin da ke cikin gorar, mai saye bai san me yake zuba wa cikinsa ba.

Bayan faɗuwar al-Bashir a 2019, gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar tsarin jama'a da ake farautar matan da ita. A Yulin 2020 Ministan Shari'a Nasruddin Abdulbari ya sanar cewa an yarje wa wanda ba Musulmi ba ya sha, haramcin yana nan kan Musulmi. Malamai da dama sun yi tir. Ga mai indaya kuwa sassaucin kaɗan ne, domin yawancin mazauna Khartoum da Omdurman Musulmi ne, balle tun ɓallewar Kudu a 2011, sayar musu kuma laifi ne.

Akwai kuma wani abin sha a tsakanin hilu-mur da marisa, sharbot. Jiƙon dabino ne da kayan ƙamshi da gidaje da yawa ke haɗawa da Babbar Salla don ya sauko da naman layya. Uwar gida takan riƙa ɗanɗanawa tana ƙirga kwana, don ta raba shi kafin ya juya, kuma duk shekara sai an yi gardama a kan kwana nawa ne ya yi yawa.