Yadda na haɗa na'urar DAC da hannuna a Kuseri don Inna ta sake jin muryar Baba

A falonmu akwai wata tsohuwar amfilifaya da lasifika biyu da marigayi mahaifina ya sayo a Garwa tun kafin a haife ni. Har yau lafiyarta ƙalau. Abin da ya mutu shi ne na'urar kaset ɗin da ke ba ta sauti. Allah ya sa yayana ya riga ya kwashe kasusuwan gidan zuwa kwamfuta, ciki har da wanda aka ɗauka ranar sunan ƙanwata, inda Baba ya yi kusan minti goma yana magana.

Ranar da na jona kwamfutar da amfilifayar ta ramin iyafis, ƙara ce ta fito kamar ƙudan zuma a tulu, muryar Baba tana can ƙasa. Inna ta saurara kaɗan, ta ce, "Kashe abin nan, ɗan nan. Wannan ba muryar Malam ba ce." Maganar ta tsaya mini a rai.

Ina matsalar take?

Kwamfuta ba ta ajiye sauti, lambobi take ajiyewa. A tsarin faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fito da shi a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma yana faɗawa kan ɗaya daga matakai 65,536. Lasifika kuwa ba ta san lamba ba, wutar da ke hawa da sauka take bi. Na'urar da ke mai da lambobin su zama wannan wuta ita ce DAC. Akwai ta a kowace waya da kowace kwamfuta, sai dai ta cikin tawa ƙarama ce, kuma tana zaune a tsakiyar hayaniyar sauran kayan wuta. Maganin shi ne a fito da aikin waje.

Ana sayar da haɗaɗɗiya, kuma gaskiya da ita na saya da na huta. Amma ni mai gyaran waya ne, na ga abin kunya ne in kasa.

Na zaɓi aisi mai lamba PCM2704 na kamfanin Texas Instruments, domin yana karɓar lambobi kai tsaye ta USB, kwamfuta kuma tana gane shi ba sai an sa mata wata manhaja ba. Abin da yake buƙata kaɗan ne: kiristal mai megahaz 12 da ke riƙe masa lokaci, da 'yan rezisto da kafasita. Na duba kasuwarmu, na hau kilando na tsallaka gadar Ngeli zuwa Injamena, ban samu ba. A ƙarshe wani ɗan'uwa a Garwa ya yi mini oda ta intanet guda uku, ya ba direba ya biyo da su ta Marwa da Mora da Waza. Sai da na jira sama da wata guda.

Aisin bai kai farcen ɗan yatsa ba, amma ƙafafunsa 28 ne, tsakanin kowace da 'yar'uwarta bai kai milimita ɗaya ba. A zafin Afrilu na Kuseri, gumi yana ɗiga a kan allo, dalma ta haɗe mini ƙafa biyu ban lura ba. Ina jonawa na ji ƙauri. Na farko ya tafi ke nan. Na biyu na bari sai bayan asuba, da sanyin safiya da gilashin ƙara girma, na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da mita kafin in ba shi wuta. Kwamfuta ta gane shi nan take.

Murna ta koma ciki

Sautin ya fi na da, amma ƙarar ba ta tafi duka ba. Akwai wani siririn fito, da gurnani a ƙasansa. Na ɗauki allon na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda tun muna yara muke ganinsa a rumfarsa. Ya jujjuya shi, ya ce, "Yaro, daga ina yake shan wuta?"

Na ce, "Daga kwamfutar, Baba."

Ya yi dariya. "To ka fitar da shi daga gidan, amma ruwan gidan kake ba shi. In rijiya ta gurɓace, ko a kwanon sarki ka zuba, gurɓatacce ne."

Bai taɓa ganin DAC ba, amma ya gano ciwon. Wutar volt 5 da USB ke bayarwa tana tafe da dattin caja da na injin kwamfutar. An yi sa'a wannan aisi yana iya cin wutar volt 3.3 daga waje. Na haɗa masa batir da ƙaramin regileta, na tattara duk wayoyin ƙasa wuri guda kamar yadda dattijon ya nuna mini, na gajarta wayoyin sauti, na rufe komai a cikin gwangwanin biskit. Fiton ya ɓace. Gurnanin kuma na gano daga cajar kwamfutar yake, don haka in za mu saurara sai in zare ta.

Ga mai sha'awar gwadawa, ya sani DAC ba ta ƙara abin da babu. Waƙar da aka matse aka yi ta turawa ta WhatsApp, yadda ta shiga haka za ta fito. Shuuu ɗin tsohon kaset ma yana nan, domin tare da muryar aka kwashe shi. Kuma kada wanda bai saba ba ya buɗe amfilifaya ko caja, don manyan kafasita suna riƙe wuta ko bayan an zare su daga soket.

Daren da na gama, bayan isha'i, na kunna wa Inna. Aka ji Baba ya yi gyaran murya, irin wadda yakan yi kafin ya fara magana, can bayansa kuma ana jin daka da kukan jaririya. Inna ba ta ce komai ba har ya kai ƙarshe. Sannan ta gyara mayafinta, ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Mayar da shi farko, ka kira mini ƙanwarka a waya ta ji."