Takunkumi, Data da Kuɗin Zango: Yadda Korona Ta Raba Kan Iyayen Yara a Gombe

A ranar 19 ga Maris 2020 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu a duk faɗin Nijeriya, makonni uku bayan an tabbatar da mutum na farko da ya shigo da korona Legas. A lokacin ba a samu ko mutum ɗaya mai cutar a Jihar Gombe ba, sai a watan Afrilu aka fara samu. Yara suka kwashe jakunkunansu suka koma gida da zaton hutun 'yan makonni ne, ashe za a haura wata shida kafin yawancinsu su sake ganin allo. A tsakanin nan ne, da kuma bayan an buɗe, iyaye a birnin Gombe suka yi ta sa-in-sa kan abu biyu: karatu ta waya, da sanya wa yara takunkumi. Ana yawan kwatanta wannan gardama da irin wadda aka yi a Amurka, inda iyaye suka riƙa ɗaga murya a tarukan hukumomin makarantu, gwamnonin Florida da Texas kuma suka hana tilasta wa ɗalibai takunkumi a 2021. Kamannin na sama-sama ne. Can maganar 'yanci da jam'iyya ake yi. A Gombe tushen rigimar biyu ne, rashin yarda da hukuma da kuma tambayar wa zai biya.

Rashin yardar yana da tarihi. Arewa ba ta manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma irin wannan tsoro ne ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Da korona ta zo, sai ta tarar da ƙasa a jiƙe. A majalisun Jekadafari da Bolari da Pantami, abin da kunne ya fi ji shi ne "ciwon manya ne", "ba ta kama talaka", "hanyar cin kuɗi ce kawai". Rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, sakamakon korona ranar 17 ga Afrilu 2020, maimakon ta tsorata mutane, ga wasu ma hujja ta zama cewa cutar ta masu hawa jirgi ce.

Sai kuma abin da ya faru a Kwadon. A farkon watan Mayu 2020, mutanen da aka killace a cibiyar masu korona da ke can suka fito suka tare hanyar Gombe zuwa Biu, suna kukan rashin kulawa da abinci. Hoton bidiyon ya zagaya wayoyi. Likitoci suna da bayaninsu, kuma bayanin gaskiya ne: mutum yana iya ɗaukar ƙwayar cutar ya yaɗa ta ba tare da ya ji ko ciwon kai ba. Amma abin da idon talaka ya gani shi ne majiya ƙarfi suna tafiya da ƙafafunsu, suna ɗaga murya, an ce wai su ne marasa lafiya. A ganina babu wata sanarwa ta kwamitin yaƙi da korona na jihar, wanda Farfesa Idris Mohammed ya jagoranta, da ta iya goge wannan hoto daga zukatan mutane. Uban da ya kalli bidiyon Kwadon a watan Mayu shi ne wanda hedimasta zai ce wa a watan Oktoba ya saya wa yaransa biyar takunkumi.

Masu goyon bayan takunkumi da rufe makarantu kuwa ba tsoron banza suke yi ba, kuma ana zaluntarsu idan aka ce kwaikwayon Turawa kawai suke. Da yawansu ma'aikatan lafiya ne, ko masu ɗan'uwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya, sun san abin da ake gani a can. Sun kuma ji labarin Kano, inda dattawa suka yi ta mutuwa a Afrilu da Mayu, har Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce daga cikin mace-mace kusan 1,000 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama suna da alaƙa da korona. Hujjarsu mai ƙarfi ce idan aka dubi yadda gidajenmu suke. Yaro ba safai cutar ke kayar da shi ba, amma da ya taso daga makaranta ɗakin kaka yake nufa, ita kuwa ga hawan jini ga ciwon suga.

Abin da ya raunana wannan hujja a idon jama'a shi ne yadda gwamnati ta tsara sassauta kullen. A farkon Yuni Gwamnatin Tarayya ta amince a koma masallatai da coci-coci. Ranar 1 ga Yuli aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi. Babbar kasuwar Gombe da Tashar Dukku na cike maƙil, ana gogayyar kafaɗa, babu mai tambayar takunkumi. Makaranta kaɗai ce a kulle. Ministan Ilimi Adamu Adamu ya fito a watan Yuli ya ce ɗaliban makarantun tarayya ba za su rubuta jarrabawar WAEC ba, ba a yi wata guda ba aka sauya magana, 'yan ajin ƙarshe suka koma ranar 4 ga Agusta, aka fara jarrabawar ranar 17. Iyaye suka yi tambayar da har yau ban ji an amsa ta da kyau ba: idan yaro zai yini a kasuwa yana talla ko dako, me aka kare shi daga gare shi da aka hana shi aji?

Karatu ta waya shi ne inda gardamar ta fi zafi, amma a da'ira mafi ƙanƙanta. Manyan makarantun kuɗi, waɗanda 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa na GRA da Federal Low-cost da Tumfure ke zuwa, sun buɗe zaurukan WhatsApp, wasu suka gwada Zoom. Malama ta ɗauki hoton darasi ko ta naɗi murya ta tura, yaro ya yi aikin a littafi, a ɗauki hoto a mayar. Nan da nan zaurukan suka koma fagen muhawarar iyaye. Wasu suka ce ba za su biya kuɗin zango ba alhali yaro yana gida, su ke sayen data, su ke cajin waya, uwa ce ke zama ta koyar. Wasu suka ce idan ba a biya ba malamai za su watse. Su ma suna da gaskiya, domin malamin makarantar kuɗi ba shi da albashin da ya wuce abin da iyaye suka kawo, kuma da yawansu sun shafe watanni babu ko kwabo, wasu suka kama tuƙin Keke Napep ko koyar da lesin gida-gida, ba duka ne suka dawo ba.

Akwai kuma rigimar cikin gida, wadda ba ta fito zaure ba. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, ta maigida, kuma da ita yake fita nema tun safe. Darasin ƙarfe 10 na safe sai ya jira bayan Isha'i, idan an kawo wuta ko an samu kuɗin caji. Inda uwa ke da tata wayar, sai wata magana ta taso: a miƙa wa budurwa 'yar shekara 14 waya mai intanet ta shige ɗaki da ita? Iyaye maza da yawa sun ce a'a, sun gwammace ta rasa darasin. Ana iya kiran wannan tsattsauran ra'ayi, amma makarantun da suka ƙirƙiro tsarin ba su tanadi wata amsa ga wannan fargaba ba.

Yawancin yaran Gombe ba su ma shiga wannan gardama ba. Ɗan makarantar gwamnati a Herwagana ko Kumbiya-Kumbiya babu wanda ya sa mahaifinsa a zauren WhatsApp. Abin da aka tanadar wa irinsa a jihohin Arewa shi ne darasi ta rediyo da talabijin. Dabarar ta fi dacewa da mu, tunda rediyo na kowa ne, sai dai rediyo ba ya duba littafi, ba ya lura da wanda ya ɓace a tsakiyar lissafi, kuma yaron da bai iya haɗa baƙi ba tun farko ba zai koya daga murya kaɗai ba. Almajirai kuwa, a watan Afrilu gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da su jihohinsu, aka yi ta lodinsu a motoci, waɗanda aka kawo Gombe aka killace su a sansanin Amada. Babu wanda ya nemi jin ra'ayin iyayensu kan komai.

Da aka zo buɗe makarantu a Oktoba, ƙa'idojin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar tun Yuli sun ce a sa takunkumi, a wanke hannu da ruwa da sabulu, a bar tazarar mita biyu tsakanin ɗalibai. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin firamaren gwamnati a cikin garin Gombe, inda yara ke zaune gwiwa na taɓa gwiwa, wasu a ƙasa, ya san an rubuta wannan ne don wani aji da ba namu ba. Ai Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a harkar ilimi tun 2019, kafin a ji sunan korona. Tazara ba ta yiwuwa, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, sai ya zama takunkumi ne kaɗai sharaɗin da ake iya gani da ido a bakin ƙofa, kuma shi ne kaɗai wanda kuɗinsa ke kan uba. Shi ya sa duk fushin ya taru a kansa. Aka riƙa koro yaro don bai zo da shi ba, uba ya biyo shi da faɗa. Teloli suka samu kasuwa da guntayen atamfa. Yara suka gano cewa a ƙofa kawai ake dubawa, sai a sa a wuce maigadi, a sauke shi zuwa haɓa, a cusa a aljihu, wani lokaci ƙane ya ari na wa. Takunkumin da aka yi mako ba a wanke ba, ban san cutar da yake karewa ba.

Abin mamaki, rufe hanci ba baƙon abu ba ne a nan. Lokacin hunturu ɗan acaɓa ba ya jiran umarnin kowa kafin ya ɗaure fuskarsa saboda ƙura. Abin da mutane suka ƙi shi ne umarnin da ba a yi musu bayaninsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun faɗa tun Agusta 2020 cewa kada a tilasta wa yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa takunkumi, na 6 zuwa 11 a duba hali, sai daga 12 ne za a bi ƙa'idar manya. Wannan bayani bai isa ƙofar makarantu da yawa ba, aka riƙa ganin 'yan nazare da ƙyalle a baki. Uwar da ta ce ɗanta ƙarami ba ya iya numfashi a zafin Maris, lokacin da Gombe ke kai maki 40, ta fi maigadin kusa da abin da masana suka faɗa. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen Janairu 2021, mai tanadin tara ko ɗaurin wata shida, ba ta sauya komai a titi ba.

Takunkumi ya ɓace da kansa, ba tare da wani ɓangare ya yi nasara ba. Asarar karatun ce ta zauna. An matse zanguna, an tura yara aji na gaba da abin da ba su koya ba. Wasu 'yan mata da suka kama talla a watannin kulle ba su koma ba, wasu an ɗaura musu aure. Yayyensu na Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere su ma suna gida, korona ta haɗu da yajin aikin ASUU daga Maris har Disamba. Ratar da ke tsakanin ɗan Tumfure mai waya da ɗan Herwagana mai rediyon da babu batir ta ƙaru, kuma manhajar karatu ta intanet da Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 ita ma waya da data take buƙata.

Hukuncina shi ne rufe makarantu a Maris 2020 yana da uzuri, domin babu wanda ya san girman abin da ke tafe. Barin su a kulle bayan Yuli, alhali kasuwa da tasha na buɗe, kuskure ne, kuma 'ya'yan talakawan Gombe ne suka biya mafi yawan kuɗinsa.