Ɗaure Doki A Gindin Itace: Hattara Masu Dawaki

Fadan Kagoma, hedkwatar masarautar Gwong a Ƙaramar Hukumar Jama'a, gari ne na manoma da ke kan hanyar Kafancan zuwa Kwoi, wanda aka san shi da noman citta. Dawaki ba su da yawa a wannan yanki, domin ƙudan tsando da ke cikin kurmi da bakin rafuka yana sa musu cutar sammore. Saboda haka baƙon da ya zo da doki, ko mahayin da zai wuce hawan salla na Sarkin Jama'a a Kafancan, ba safai yake samun barga ko turke ba, sai dai ya nemi gindin itace. A nan ne kuwa akan yi asara.

Abu na farko shi ne zaɓen itacen. Lalle ne ya zama ɗanye mai kauri, kamar mangwaro ko ɗorawa, kuma a jikin gangar za a ɗaura igiya. Doki in ya firgita ya ja da baya yana iya karya reshe, ya zabura da shi yana dukan ƙafafunsa. A duba sama ko akwai amya ko gidan rina. A guji gwaska da samberu, gama ganyensu da ɓawonsu dafi ne ga dabba, doki kuwa in ya gaji da tsayuwa yakan gaigayi abin da ke gabansa. Haka nan a nisanci inuwar bakin rafi, matattarar tsando.

Na biyu, da ragama ake ɗaure doki. Wanda ya ɗaure shi da linzami, in ya fizga, ƙarfen yana iya yanka harshe ko ya ji wa muƙamuƙi rauni. Igiyar ta kasance daidai tsayin kafaɗarsa ko sama kaɗan, abin da ke tsakanin ragama da itace kuma kada ya wuce kamu ɗaya da rabi. In ta yi tsawo sai ya taka ta, ta harɗe shi ya faɗi. Ƙullin ya zama irin wanda ake kwancewa da ja ɗaya, kuma kada a sa masa zarge a wuya, don yana shaƙewa. A sassauta majayi, a raba ingarma da ingarma.

Da damina, in hadari ya taso, a ɗauke shi daga gindin dogon itace saboda tsawa.

Daga ƙarshe, kada a bar doki ba mai tsaro. Wanda ya kwance ya tattake gonar citta, ko ya harbi yaro, ya jawo wa ubangijinsa biyan diyya da ɓacin zumunci tsakanin baƙo da mai masauki. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.